Gundumar Yaya Hati

Damina ta farko ta tare mu a garin Fallomi, ni da Malam, maigidana, da ɗanmu Sani da ke goye a bayana. Daga ƙasar Bakori muka fito, 'yan shekaru bayan an gama yaƙin Bama, da niyyar mu sauke farali mu koma gida kafin yaron ya iya gudu. Kowa haka yake faɗa a hanyar nan. Malam ya yi dako a bakin kogi, ni kuma ina yi wa wata mata surfe da daka, har ƙasa ta bushe muka samu motar da ta kai mu Abashe. Daga nan sai ƙafa, sai jaki in an samu.

A Lubayya ƙyanda ta ɗauke mana Sani. Ba mu da ko ƙyallen da za mu suturta shi. Wata mata 'yar garin, wadda ban san yarenta ba, ita ma ba ta san nawa ba, ta leƙo rumfar da muke, ta dube ni, ta cire farin mayafinta ta yaga shi biyu ta miƙa wa Malam rabi. Ta zauna kusa da ni har aka dawo daga maƙabarta, sannan ta tashi ta tafi. Ban sake ganinta ba.

A wani gari da ake kira Madani muka yi kakar auduga biyu muna tsinka a gonakin mutane, har gefen farcena ya tsattsage ya warke ya sake tsagewa. Da muka isa gaɓar teku, wani mai jirgin ruwa na katako ya karɓe abin da muka tara, ya loda mu kamar buhuna, ya sauke mu a wani rairayi ya ce Jidda na bayan tudun can. Muka hau tudun, babu komai sai wani tudun. Mun yi ta tafiya muna bin gaɓa, leɓunanmu sun fashe, har wasu makiyayan raƙuma suka ba mu nono suka nuna mana hanya. Haka muka shiga Makka, ba takalmi.

Mun sauka a unguwar Misfala, a gidan Inna Yalwa, wata tsohuwa da aka haifa a Makka, kakanta ne ya zo daga Kano. Hausarta rabi Larabci ce. Ta ba mu ɗaki na gwangwani a kan gangaren dutse. Malam ya shiga sayar da ruwa, garwa biyu a sanda, lokacin aikin Hajji kuma yana dako a Mina. Ni ina toya waina ina dama kunu. Mun yi Hajjinmu tun shekarar farko, amma ba mu koma ba. Mukan ce guzuri ne bai taru ba. Gaskiya ne, sai dai ni akwai wani abu: ban san da wane ido zan dubi innata in shiga gida baya ba goyo ba. Don haka na rufe zancen gida. Ko mata sun zauna suna hirar garuruwansu, sai in tashi in duba wuta.

A Hajjinmu na uku zafi ya yi zafi, mutane suna faɗuwa a hanya. Ran jifa ta biyu, da hantsi, ina tsugune a bakin tukunyar kununa a Mina, sai ga wani askar, wato ɗan sanda, yana tafe da wata doguwar mata baƙa, mayafinta duk ƙura. Ya tsaya a kanmu ya ce da Larabci, “Ga 'yar'uwarku nan, ku karɓe ta.” Ya juya ya tafi.

Na ce, “Sannu baiwar Allah. Daga wane gari?”

Ta dube ni kawai. Wata ta gwada ta da Fillanci, wata da Barbarci, wata da Zabarmanci. Ko ɗaya ba ta gane ba. Aka ce ko kurma ce, aka ce ko rana ce ta taɓa mata kai. Na zuba kunu na miƙa mata. Ta riƙe ƙwaryar da hannu biyu ta shanye, sannan ta nuna ƙirjinta ta ce, “Hati.” Ta nuna wajen Arfa ta ce, “Usman. Maut.” Sai hawaye.

Da aka watse daga Mina na taho da ita gida. Inna Yalwa ta zagaya ta, ta duba fuskarta ba tsage, ta ce, “Maskina. Wannan ko ta ina ce, tamu ce. Ki shimfiɗa mata a ɗakina, Ladidi.” Ni ke nan, na tashi na shimfiɗa.

Akwai wani Sajan Audu a unguwar, tsohon soja ne da ya je Bama, yana dako tare da Malam. Shi aka kira, don an ji ta faɗi wasu kalmomi kamar na Turawa. Ya zauna a bakin ƙofa ya yi mata magana, ta zabura ta fara zubo zance kamar an ɓalle madatsa. Sajan ya ɗaga hannu.

“A hankali, a hankali! Kai, wannan Turancin nata yauƙi gare shi, ba irin na bariki ba ne.”

Da ƙyar ya tsinto mana labarin. Daga Amurka take. Mijinta Usman mutumin Yaman ne mai aikin wuta a jiragen ruwa, a can suka haɗu, ta musulunta ya aure ta. Ranar Arfa zafi ya kashe shi. Takardunsu na cikin ɗamararsa, ba ta san inda aka yi da ita ba, yaron mai masaukinsu kuma ya ɓace da akwatinsu. Suna da 'ya ƙarama, Amina, ta bar ta wajen mahaifinta a ƙauye, a kan watanni kaɗan za su yi.

Inna Yalwa ta ce, “Amurka kuma? Ba Turawa ne a can ba?”

Sajan ya ce, “Akwai baƙaƙe, Inna, na gan su a yaƙi suna tuƙa manyan motoci. Kakanninsu daga wajenmu aka kwashe su.”

Matan gidan suka juya suna duban Hati. Inna ta kama salati.

Hati ta yi takabarta a gidanmu. Ta girme ni, don haka nake ce mata Yaya. Makonnin farko ba ta magana, sai dai ta tashi ta share tsakar gida, ta zauna tana kallon dutse. Wata rana ina yanka kuɓewa ɗanya da aka kawo daga Ɗa'ifa, sai ta zo ta tsaya a kaina. Ta ɗauki ɗaya, ta shinshina, ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Ta karɓe wuƙar ta yanka sauran, da sauri fiye da ni. Daga ranar ta shiga kicin ɗinmu na tsakar gida. Wake, gyaɗa, dankali, masara, duk ta san su, kowanne sai ta nuna shi ta nuna ƙirjinta: namu ne. Da muna wanke-wanke kuma ta kama hannuna ta duba gefen farcena, ta ajiye nata kusa da shi. Tabon iri ɗaya ne. Ta yi alamar tsinka da jefawa a buhu. Na ce, “Auduga.” Ta ce, “Auduga.” Ita ce kalmar Hausa ta farko da ta riƙe.

Kafin shekara ta raba, tana haɗa Hausa da Larabcin da ta koya wajen mijinta, inda ya gagara ta ƙarasa da hannu, ran Juma'a kuma Sajan ya zo ya warware mana abin da ya cukurkuɗe. Da la'asar, in na gama suyar waina, takan ɗauki bakin muciya ta zana mini ƙasarsu a ƙasa. Ba Amurka duka ba, ita wannan ba ta dame ta ba. Gundumarsu kawai, can kudu. Sunan gundumar ta ce na mutanen da suka fara zama a wurin ne, waɗanda aka kora tun kafin a haifi kakanta, suka tafi suka bar sunansu a kan koguna.

Takan fara da kogi. Ta ja layi mai lanƙwasa ta gefen yamma ta ce ruwansa ja ne kamar kunun kanwa, yana tafiya a hankali, amma in ya cika yakan shiga gonaki ya ɗauke kaji da gadoji. Bakin kogin fadama ce, baƙar ƙasa mai kyau, duk ta manyan Turawa ce, auduga iyakar ganinka. Baƙaƙe ke noma ta, a raba amfani da mai gona, rabon da ba ya taɓa fitar da mutum. Daga gabas kuma ƙasa ta tashi ta zama tuddai na jar ƙasa, ruwa ya zaizaye su, da wasu dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, waɗanda ta ce in iska ta bi ta cikinsu sai ka ji kamar ana yi maka raɗa. A nan gonar babanta take. Kakanta ne ya saye ta bayan an 'yanta bayi, don Turawa ba sa son jar ƙasar. Suna da alfadari ɗaya, rijiya, da takanɗa da suke matsewa su dafa ruwanta ya zama kamar zuma.

“Takanɗa?” na ce. “Yaya, har takanɗa?”

“Har takanɗa, Ladidi.”

A tsakiyar zanen takan ajiye dutse. Shi ne gari, guda ɗaya tak a duk gundumar da ya isa a kira shi gari. Akwai tashar jirgin ƙasa, injin gurzar auduga, kantuna a jere, sai babban gidan shari'a na jan bulo mai agogo a sama. Ran Asabar kowa yakan shigo da keken alfadari. Ta ce hanya mai tsakuwa takan fito daga garin ta bi ta ƙofar gidajen Turawa, inda gidajensu suka ƙare nan ita ma take ƙarewa, sauran sai taɓo.

Na tambaye ta su wa suka fi yawa. Ta kwaso ƙwallayen dabino cike da hannu ta zube, ta ce, “Mu.” Ta ɗebo 'yan ƙwayoyin shinkafa ta ajiye gefe, ta ce, “Su.” Sannan ta fara ɗauke ƙwallayen ɗaya ɗaya tana jefawa bayanta.

“Ina suke zuwa?”

“Arewa. Jirgi. Kowace Asabar wani ya tafi. Gida a rufe, ciyawa ta shiga ɗaki.”

Ta lissafa mini su da sunayensu, maƙwabta da 'yan'uwa, wanda ya tafi aikin ƙarfe, wadda ta tafi wanki. Ita ma haka ta tafi, ta yi aikin wanki da guga a wani birnin bakin teku, inda ta gamu da Usman. An fara kawo injin da ke tsinkar auduga, ta ce, masu gonaki ba sa bukatar hannu kamar da. Tsofaffi da jikoki ne suka rage a ƙauyuka, ran Lahadi majami'arsu rabi ce ke cika.

Wata Juma'a Inna Yalwa ta tambaya, “To wane ne sarkinku a can?”

Hati ta ce ba sarki. Akwai alƙali, akwai wasu 'yan dattawa da ke yanke inda za a yi hanya da inda za a gina makaranta, amma wanda kowa ke tsoro shi ne sharif. Shi ke kamawa, shi ke dukan mutum, shi ke rufewa.

Inna ta dafe ƙirji. “Sharifi? Jikan Manzon Allah ne zai riƙa dukan bayin Allah? A'uzu billahi!”

Sajan Audu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. “Ba wannan sharifin ba, Inna. Sunan ne ya zo ɗaya. Nasu shugaban 'yan doka ne, Bature mai bindiga.”

“To alhamdu lillahi. Wa ya naɗa shi?”

Nan ne Hati ta yi mana bayanin ƙuri'a. A lokacin alhazan da ke zuwa daga gida sun fara kawo labarin jam'iyyu da zaɓe, amma ni ban gane kansa ba. Ta ce mutanen gunduma ne ke zaɓen sharif da alƙali da dattawan nan, kowa ya jefa takarda a akwati, wanda ya fi yawa ya hau.

Na dubi tulin ƙwallayen dabino na ce, “Ashe ku ke naɗawa.”

Ta girgiza kai. Kafin ka jefa, sai an rubuta sunanka a gidan shari'a. Baƙi in ya je, sai a ce mai rubutun ba ya nan. In yana nan, sai ya buɗe littafin doka ya ce karanta, ka karanta, ya ce fassara, ka fassara, ya ce ba daidai ba. In ka nace, mai injin gurza ya ƙi karɓar audugarka, mai kanti ya ƙi sayar maka da iri. In ka ƙara nacewa, a zo gidanka. Wanta da ya dawo daga yaƙi ya je da kakinsa na soja, a makon nan sai da aka fitar da shi gundumar a ɓoye ƙarƙashin buhunan masara. Bai sake dawowa ba.

“Babana kuma,” ta ce, “duk shekara. Ya yi wanka, ya sa kwat, ya hau alfadari, ya je. Su ce ba yau ba. Ya ce na gode, ya dawo. Shekara ta zagayo, ya sake.”

“Ba ya tsoro?”

“Yana tsoro. Daren da zai je ba ya cin abinci.”

Sajan Audu bai yi dariya ba a nan. Ya daɗe yana murza hularsa a hannu, sannan ya ce shi ma ya yi wa Turawa yaƙi, ya san yadda abin yake.

Kada a ce Makka ba ta da nata. Mu ma ana kiranmu Takari, yara su bi mu da tsokana, mai kanti ya sallami wanda ya zo bayanka kafin ya dube ka. Hati ta ga wannan duka. Amma ranar da ta fita takaba na raka ta Harami, muka je shan Zamzam, wata farar mata, ina jin Baturkiya ce, ta sha ta miƙa mata kofin da ta sha da shi. Hati ta tsaya ba ta karɓa ba, tana waige-waige. Matar ta ƙara miƙo mata tana murmushi. Ta karɓa ta sha. A hanyar gida ta ce mini a garinsu famfo biyu ne a gaban gidan shari'a, ɗaya nasu ɗaya na Turawa, tun tana yarinya aka koya mata wanda in ta taɓa za a iya kashe babanta.

Bayan nan ne Inna Yalwa ta kawo zancen Abdullahi, ɗan ƙanenta, tela ne a kusa da kasuwa, matarsa ta rasu. Mutum ne mai sanyin hali, in ya zo gaishe da Inna ba ya ɗaga ido. Inna ta zaunar da Hati ta ce, “Ya binti, Allah ne ya ɗauko ki daga cikin wahala ya ajiye ki a ƙofar ɗakinsa. Wa ke barin nan ya koma inda ake raba famfo? Danginki ma ba sa salla. Ki zauna. Yarinya kuma, in Allah ya so, a aika a kawo ta.”

Hati ba ta ce a'a ba. Ta yi kwanaki tana juya abin. Ni kuwa ina so ta zauna. Tun da na binne Sani ban yi dariya da kowa ba kamar yadda nake yi da ita. In ta ce “kuɓewa” yadda take murɗa bakinta, sai na riƙe ciki.

Wata safiya muna tsince wake na ce, “Yaya, Abdullahi ba shi da aibu.”

“Na sani.”

“A can za ki sha wuya.”

“Na sani, Ladidi.” Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, “Wa zai aiko Amina? Babana bai san inda Makka take ba. Yana zaton na mutu. Yarinya tana zaton na yar da ita.” Ta ture tsakuwa gefe. “Kuma ya tsufa. In ya faɗi ba kowa a gonar, Turawa za su ƙwace ta. Kakana na kwance a cikinta, innata ma.”

“To in kin koma me za ki iya?”

“In ya sa kwat, ni ma in sa mayafina in bi shi.”

“Ai korar ku za su yi.”

“Su kore mu mu biyu. Ya gaji da a kore shi shi kaɗai.”

Ban sake ce mata ta zauna ba. Da Malam ya dawo na gaya masa. Ya ajiye garwarsa, ya ce, “In haka ne, sai mu kai ta Jidda. Akwai ofishin ƙasarsu.”

Hati ta ji tsoron ofishin nan fiye da yadda ta ji tsoron teku, don a saninta ba ta taɓa shiga wurin da Bature ke zaune bayan tebur ta fito da abin da ta je nema ba. Malam da Sajan suka bar aikinsu suka raka ta. An yi mata tambayoyi masu yawa, aka ce za a bincika can gida, ta dawo. Suka yi ta zirga-zirga, har muka fara cewa abin ba zai yiwu ba. Gab da watan azumi aka kira ta aka ba ta takarda, aka ce akwai jirgin kaya da zai ɗauke ta.

Inna Yalwa ta yi fushi na kwana biyu, ba ta amsa gaisuwar kowa. A na uku ta fito da tulun Zamzam ƙarami da ta liƙe bakinsa da kanta, ta dangwara a gaban Hati ta ce, “Ki ba tsohon ya sha kafin ya tafi wajen mutanen nan. Ko ba ya salla, ruwan ya san aikinsa.” Matan gida suka haɗa kuɓewa busasshiya, dabino, da ɗan zane na yarinya. Abdullahi bai zo ba, amma ya aiko da hula da ya ɗinka da hannunsa, ya ce a kai wa baba.

Na bi su Jidda. Muka zauna a inuwar wani sito a bakin tasha muna jiran a kira fasinja, Malam da Sajan sun tafi neman wanda zai ɗauki kayanta. Sai ta tsinci wani tsinke ta miƙo mini.

“Wata da watanni ina zana miki tawa. Ke ba ki taɓa ba. Zana.”

Na ce na manta. Ta ce ƙarya nake. Na riƙe tsinken ina kallon ƙasa. Sai na ja rafin da ke bayan garinmu, inda muke wanki. Na sa kukar da ke bakin kasuwa, na sa marina, na sa hanyar Funtuwa da ake bi da jakunan auduga. Hannuna ya riƙa tafiya da kansa. Na sa gidanmu, zaure, rumbu biyu, bishiyar ɗinya, na zo kan ɗakin innata na kasa ci gaba.

Ta ce, “Tana da rai?”

“Ban sani ba.”

“Tana jiran Sani ne, ko ke?”

Na saki tsinken. Ta kama kaina ta kwantar a kafaɗarta, muka yi kuka mai isarmu, mutane na wucewa suna kallonmu. Da aka kira su ta miƙe, ta gyara mini mayafi kamar ƙaramar yarinya, ta ce da Hausarta mai karkata, “Je ki gani, ƙanwata.” Ta hau ƙaramin kwalekwalen da ke kai mutane wajen babban jirgi. Ta fi kowa tsawo a ciki, don haka na daɗe ina hango ta.

A bayan motar da ta mayar da mu Makka na ce, “Malam, ina son gida.”

Ya dube ni ya ce, “Tun yaushe nake jira ki faɗa.”

Sai da muka ƙara Hajji ɗaya muna tari, sannan muka kamo hanya, muka sake tsinkar auduga a Madani, muka tsaya a Lubayya Malam ya nemi kabarin bai gane shi ba, muka yi addu'a a kan maƙabartar duka. Da rani muka shiga Bakori.

Innata na nan da rai, amma idanunta sun tafi. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi da lalube. Na durƙusa na yi sallama, ta saki mazarin, ta shafa fuskata tun daga goshi har haɓa. Na buɗe baki zan faɗi zancen Sani, ta rufe mini baki da tafinta.

“Alhazai sun gaya mini tun shekarar. Allah ya karɓi abinsa. Ke me ya riƙe ki?”

Kwanakin da suka biyo baya, mata suna ta zuwa a ba su labarin Ka'aba da Arfa, ina ba su. Amma in sun watse, labarin Yaya Hati nake ba innata, da jan kogi, da gonar kan tudu, da tsohon da ke zuwa gidan shari'a. Ta saurara har ƙarshe, tana juya mazari. Sannan ta ce, “To ita baiwar Allahn, ta isa wajen 'yarta?”

Na ce, “Ban sani ba, Inna. Ba wanda zai gaya mini. Teku biyu ne tsakaninmu.”

Ta laluba ta kamo hannuna.

“Ta isa,” ta ce. “Ke da kika fi ta taurin kai ma ga ki kin iso.”